Abin da Ke Karya Hannun Motar Masu Datse Bishiya

A Amurka datse rassan bishiya sana'a ce mai zaman kanta, da kamfanoninta da ƙungiyoyinta. Babban abin aikinta kuwa mota ce mai dogon hannu da bokiti a ƙarshensa, irin wadda ake gyaran fitilun kan titi da ita. Ma'aikaci zai shiga bokitin da zartonsa mai inji, hannun ya ɗaga shi ƙafa 55 zuwa 75 daga ƙasa. Motar ta rage wa mutane hawan bishiya da igiya, sai dai ran da hannun ya karye, wanda ke cikin bokitin ba shi da reshen kamawa.

Hannun gaɓa biyu ne. Ta sama da zaren gilashi ake yin ta, a ƙame shi da danko, don kada wutar lantarki ta bi ta cikinta idan ta taɓa waya. Ƙarfin man haidirolik ne ke tura gaɓoɓin, sannan akwai sarƙa ko igiyar ƙarfe a ɓoye cikin hannun da ke riƙe bokitin kada ya karkace. Mutane sukan ɗauka fashewar tiyon mai ce ke jefo ma'aikaci. Masu ƙera motar sun riga sun yi wa wannan tanadi: akwai bawul a jikin silinda da ke kulle man nan take, hannun ya tsaya inda yake. Abin da ba shi da irin wannan kariya shi ne tsagewar walda, da kwancewar notunan gindin da hannun ke juyawa a kai, da igiyar da tsatsa ta ci ta ciki saboda rashin giris.

Galibi ba aikin ranar da abin ya faru ne ke karya hannu ba, na shekarun baya ne. Yawancin bokitan nan nauyin da aka ƙayyade musu bai wuce kilo 180 ba, wato mutum da kayan aikinsa. Ɗanyen reshe guda kan fi haka nesa ba kusa ba. Amma idan ana sauri, ga mai gida na kallo, ga wani aikin na jira, sai a ɗaure reshe a jikin hannun a sauke shi, ko a sa bokiti a ture kututture gefe. Wani lokaci gungumen da aka yanke ya faɗo ya daki hannun, a duba a ga ɗan ƙarzane ne kawai, a ci gaba da aiki, alhali zaren gilashin ya ɗaye ta ciki inda ido ba ya gani. Ko tafiya a kan hanya tana yi masa illa idan direba bai kwantar da shi a mazauninsa ya ɗaure ba, domin kowane gargada jijjiga ce ga walda. Kamar waya ce da ake lanƙwasawa ana miƙewa: tana ta jurewa har lanƙwasar da za ta tsinke.

Dokoki kam akwai su. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta ƙasar, OSHA, ta wajabta gwada na'urorin sarrafa hannun kowace rana kafin a hau, ta hana wuce nauyin da aka ƙayyade, ta kuma ce ma'aikaci ya sa ɗamara da igiyar da ke maƙale da hannun ko bokitin. Amfanin ɗamarar ya fi bayyana sa'ad da reshe ya danne hannun sannan ya sake shi, bokitin ya yi sama da ƙarfi ya cilla mutum waje. Wanda ba a horar da shi kan aiki kusa da wuta ba kuma, an hana shi matsawa ƙasa da ƙafa 10 kusa da waya. Ƙa'idar irin waɗannan motoci, ANSI A92.2, ta tanadi binciken motar lokaci-lokaci, tazarar kada ta wuce wata 12. Ita kuwa ƙa'idar masu aikin bishiya, Z133, wata uwa ce silarta: Ethel Hugg ta garin Johnstown a jihar New York, wadda ɗanta ya mutu a bakin wannan aiki. Ta yi ta rubuta wa hukumomi wasiƙu har aka kafa kwamiti a 1968, ƙa'idar ta fito a 1972.

A ganina inda ramin yake shi ne kasuwar gwanjo. Babban kamfani kan sayar da motarsa idan ta tsufa, ƙaramin ɗan kwangila ya saya, a fesa mata sabon fenti, littafin tarihin gyaranta kuma ya ɓace a hanya. Fentin ma kansa matsala ne, domin yana rufe tsaga, wani irinsa kuma yana ɗaukar wutar lantarki ya ɓata kariyar gaɓar sama. Mai sayen zai saurari ƙarar inji, ya duba tayoyi, ya ɗaga hannun ya sauke, ya ce lafiya lau. Gano lahanin ciki sai ƙwararre ya buɗe murafe, ya auna ɗaurin notuna, ya gwada hannun da wuta mai ƙarfi. Kuɗin wannan bincike shi ne abin da ƙaramin ɗan kwangila ke fara tsallakewa idan aljihu ya yi zafi, kuma sau da yawa ba shi ne zai shiga bokitin ba.