Rana da rigar wayar lantarki

A Babban Katami, wasu gidaje suna da faifan hasken rana. Waya ce ke kai wutarsa cikin ɗaki. Cikin wayar jan ƙarfe ne, rigarta kuwa roba. Wuta tana bin jan ƙarfe, amma ba ta ratsa roba.

Cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani. Shi ke cin roba sannu-sannu: ta koɗe, ta bushe, ta tsage. Da damina ruwa ya shiga tsagar, sai wuta ta sami hanya. Daga nan gobara kan tashi.

Baƙar roba ta fi jure rana, don an gauraya ta da baƙin gari mai kama da kunkunniya.

Yaron da ya ga tsagaggar waya, kada ya taɓa ta. Ya faɗa wa babba.