Kallo da ɗaukar hoton malam-buɗe-littafi a farkon bazarar Turai

Kallon malam-buɗe-littafi wata sha'awa ce ta bibiyar wannan ƙwaro a inda yake rayuwa, domin gane nau'insa, lura da halayensa, da ɗaukar hotonsa ba tare da an kama shi ba. A ƙasashen sanyi na arewacin duniya, musamman Birtaniya da sauran yankin Turai, ana fara wannan aiki ne da zarar hunturu ya ja baya, daga ƙarshen watan Fabrairu zuwa watan Mayu. Wannan lokaci shi ne ake nufi da bazara a wannan maƙala, kuma ya sha bamban da bazarar ƙasar Hausa mai tsananin zafi kafin saukar damina. A Turai lokaci ne na narkewar ƙanƙara, tohon itatuwa da tsawaitar yini.

Nau'o'in da ake gani a farkon bazara ba su da yawa, amma masana suna ba su muhimmanci. Ranar da aka fara ganin kowanne tana da alaƙa da yanayin zafi na shekarar, don haka hoton da aka ɗauka da kwanan wata da sunan wuri yana iya zama hujja a binciken sauyin yanayi da raguwar ƙwari.

Yadda ƙwaron ke tsallake hunturu

Malam-buɗe-littafi yana cikin rukunin ƙwari da ake kira Lepidoptera, kuma rayuwarsa tana da matakai huɗu: ƙwai, tsutsa, kwanciya cikin ƙwanso, sannan balagagge mai fukafukai. A ƙasashen sanyi kowane nau'i yana da matakin da yake shafe hunturu a cikinsa. A wannan hali aikin jiki yana raguwa ƙwarai, ƙwaron ba ya ci, kuma nau'o'i da dama suna tara sinadarai irin su gilisarol waɗanda ke hana ruwan jikinsu daskarewa.

Matakin da nau'i ya yi hunturu a ciki shi ke nuna lokacin fitowarsa. Waɗanda suka kwanta suna balagaggu su ne ke fara tashi, domin ba sa jiran komai sai ranar farko mai ɗumi. Masu kwanciya cikin ƙwanso suna biyo baya a watan Afrilu. Waɗanda suka yi hunturu a matsayin ƙwai ko tsutsa, wato mafi yawan nau'o'in Birtaniya, sai daga watan Mayu zuwa gaba suke bayyana, saboda suna da sauran girma a gabansu.

Nau'o'in da ake fara gani

A Birtaniya akwai nau'o'i kusan 59 da ake gani a kai a kai, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke yin hunturu suna balagaggu.

Gonepteryx rhamni na cikin na farko. Namijin rawaya ne mai haske kamar farar wuta, macen kuwa fara ce mai sirkin kore. Fukafukansa suna da siffar ganye har da jijiyoyi, kuma yana ɓuya ne a cikin ganyayen tsirran da ba sa kaɗewa da hunturu, kamar Hedera helix. Yana iya rayuwa kusan shekara guda yana balagagge, abin da ba a saba gani ba a wannan rukuni. Idan ya sauka, fukafukansa a rufe suke kasancewa koyaushe.

Aglais io yana da jajayen fukafukai masu ɗauke da zane huɗu kamar idanu, irin na jelar ɗawisu. Bayan fukafukan kuwa kusan baƙi ne, wanda ke taimaka masa ɓuya a kogon itace, rumfar ajiye kaya ko tarin itacen girki. Idan aka dame shi yakan buɗe fukafukan farat ɗaya tare da goga su su fitar da wani sauti kamar huci, domin tsorata tsuntsaye da ɓeraye.

Aglais urticae ƙarami ne mai ruwan lemo da baƙaƙen ɗigo da layin shuɗi a gefen fukafuki. Ya fi sauran shiga gidajen mutane domin yin hunturu. Shi da Aglais io duk suna nasa ƙwai a kan Urtica dioica, wani tsiro mai ƙaiƙayi idan ya taɓa fata.

Polygonia c-album ana gane shi da gefen fukafukansa mai kama da yagaggen ganye, da kuma wata farar alama mai siffar waƙafi a bayan fukafukin baya. Idan ya rufe fukafukai a jikin reshe, da wuya a bambanta shi da busasshen ganye.

Vanessa atalanta baƙi ne mai jan layi da fararen ɗigo. Asali baƙo ne da ke shigowa daga kudancin Turai da arewacin Afirka, amma a shekarun baya-bayan nan yana ƙara yin hunturu a kudancin Ingila.

Daga cikin masu fitowa daga ƙwanso, Anthocharis cardamines ya fi shahara. Namijin fari ne mai ruwan lemo a bakin fukafukan gaba, macen kuma ba ta da wannan launi. Zuriya ɗaya yake yi a shekara, daga Afrilu zuwa Yuni. Akwai kuma Celastrina argiolus, ƙaramin shuɗi mai tashi sama-sama a kan shingaye da itatuwa, da Pararge aegeria na cikin kurmi, wanda ke iya yin hunturu ko dai a matsayin tsutsa ko a cikin ƙwanso.

A Arewacin Amurka, Nymphalis antiopa ne aka fi sani da fitowa da wuri. Akan gan shi tun dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, yana shan ruwan da ke tsattsafowa daga jikin itatuwa kafin furanni su buɗe.

Lokaci da wurin da ake samun su

Malam-buɗe-littafi ba ya samar da isasshen ɗumin jiki da kansa. Naman da ke kaɗa fukafukansa yana buƙatar zafi na kusan digiri 30 a ma'aunin Salsiyus kafin ya yi aiki sosai, alhali iskar watan Maris a Ingila sau da yawa ba ta kai rabin haka ba. Saboda haka ƙwaron yana shan hantsi. Wasu nau'o'i suna shimfiɗa fukafukai a kan ƙasa, dutse ko busasshen ganye suna fuskantar rana, wasu kuma suna rufe fukafukan su karkata gefe ɗaya ga hasken.

Wannan buƙata ita ke nuna wa mai kallo inda zai nufa. Wuraren da suka fi dacewa su ne gefen kurmi, jikin shinge, hanyoyin cikin daji da gangaren da ke fuskantar kudu, inda rana ke bugawa kuma iska ba ta kaɗawa. Lokacin da ya fi shi ne daga hantsi zuwa bayan azahar. Idan gajimare ya rufe rana, ƙwarin sukan sauka su yi shiru cikin mintuna kaɗan.

Abinci ma jagora ne. Wanda ya tashi daga kwanciyar watanni yana neman ruwan zaƙin fure da gaggawa, kuma furannin farkon bazara ƙalilan ne: na itacen Salix caprea, na Prunus spinosa, na Primula vulgaris da na Taraxacum mai rawayan fure. Itacen Salix guda ɗaya da ya yi fure a wuri mai rana yana iya tara nau'o'i uku ko huɗu a lokaci ɗaya. Mai neman Anthocharis cardamines kuwa yakan duba wurare masu damshi inda Cardamine pratensis ke tsirowa, domin a kansa ne mace ke ajiye ƙwai, ɗaya-ɗaya, kuma ƙwan yakan rikiɗa ya koma ruwan lemo bayan kwanaki kaɗan.

Dabarun ɗaukar hoto

Idanun wannan ƙwaro suna saurin gane motsi da sauyin haske. Don haka masu ɗaukar hoto suna matsawa a hankali, suna sunkuyawa daidai tsayin ƙwaron, kuma suna kula kada inuwarsu ta faɗa kansa, domin inuwa na sa shi tashi nan take.

Halin mazajen wasu nau'o'i yana sauƙaƙa aikin. Namijin Aglais io, Polygonia c-album ko Pararge aegeria yakan zaɓi wuri mai rana ya tsare shi, ya kori duk wanda ya ratso, sannan ya dawo daidai inda ya tashi ko kusa da shi. Wanda ya tsaya ya jira a wurin ya fi wanda ke bin ƙwaron da gudu samun hoto. Namijin Gonepteryx rhamni da na Anthocharis cardamines kuwa masu sintiri ne, suna bin shinge ba tsayawa, kuma an fi samun su a zaune da sanyin safiya ko lokacin da gajimare ya gifta.

Ta fuskar kayan aiki, an fi amfani da gilashin kyamara na ɗaukar ƙananan abubuwa mai tsawon milimita 90 zuwa 105, ko kuma gilashin jawo nesa wanda ke ba da damar tsayawa da tazara. Matsalar ɗauka daga kusa ita ce ɓangare kaɗan ne na hoton ke fitowa tar. Maganinta shi ne a daidaita fuskar kyamara da shimfiɗar fukafukin, a tsuke ƙofar haske zuwa kamar f/8 ko f/11, a kuma sa saitin gani a kan idon ƙwaron. Saurin ɗauka na 1/500 na daƙiƙa ko fiye yana rage dishi-dishin da iska ko rawar hannu ke jawowa. Wayar salula ma tana wadatarwa wajen hoton shaida, musamman da yake tana ajiye kwanan wata da wurin da aka ɗauka.

Domin gane nau'i, ana son a ɗauki saman fukafuki da bayansa. Macen Anthocharis cardamines, alal misali, tana kama da fararen nau'o'in Pieris idan tana tashi, kuma zanen kore-kore da ke bayan fukafukinta na baya ne ke bambanta ta.

Ladabin kallo

Farkon bazara lokaci ne da kitsen da ƙwaron ya tara ya kusa ƙarewa, kuma duk tashin da aka tilasta masa yana cin ƙarfin da yake buƙata wajen barbara da nasa ƙwai. Masu kare muhalli suna hana kama ƙwaron a sanyaya shi domin ya tsaya a ɗauke shi hoto, da tattake tsirran da tsutsotsi ke ci, da kuma tayar da wanda ke kwance. Idan ɗumin ɗaki ya farkar da Aglais urticae a tsakiyar hunturu, shawarar da ake bayarwa ita ce a mayar da shi wuri mai sanyi da duhu wanda ke da mafita, maimakon a sake shi waje. A Birtaniya, dokar kare namun daji ta shekarar 1981 ta haramta kama wasu nau'o'i da ke cikin barazana.

Amfanin bayanan masu kallo

Rubuta ranar fara ganin malam-buɗe-littafi tsohuwar al'ada ce a Ingila. Robert Marsham, wani mai gonaki a yankin Norfolk, ya fara rubuta alamomin shigowar bazara a shekarar 1736, ciki har da bayyanar rawayan malam-buɗe-littafi, kuma zuriyarsa ta ci gaba da rubutun har cikin ƙarni na 20.

A shekarar 1976 aka kafa tsarin ƙidayar malam-buɗe-littafi na Birtaniya, bisa hanyar da masanin kimiyya Ernest Pollard ya tsara. Mai ƙidaya yana bin hanya ɗaya sau ɗaya a mako, na tsawon makonni 26 daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, yana rubuta duk wanda ya gani cikin mita 2.5 a dama da hagu da mita 5 a gabansa. Ba a yin ƙidayar idan zafi bai kai digiri 13 ba ko kuma iska ta yi ƙarfi. Yawancin masu wannan aiki 'yan sa-kai ne, kuma ƙungiyar Butterfly Conservation, wadda aka kafa a 1968, tana cikin masu kula da shi. Manhajoji irin su iNaturalist da iRecord suna karɓar hotunan jama'a, masana kuma su tantance nau'in.

Daga irin waɗannan bayanai ne aka gano cewa nau'o'i da dama suna fitowa da wuri fiye da yadda suke yi a shekarun 1970, sakamakon ɗumamar yanayi. Rahoton halin da malam-buɗe-littafi ke ciki a Birtaniya na shekarar 2022 ya nuna cewa kashi 80 cikin 100 na nau'o'in ƙasar sun ragu, ko dai a yawa ko a faɗin yankin da suke, tun daga shekarun 1970. Manyan dalilan sun haɗa da ɓacewar makiyaya masu furanni, sauyin tsarin noma da magungunan feshi. Fitowa da wuri ma tana da haɗari, domin ɗumin kwana biyu a watan Fabrairu na iya tayar da ƙwaron kafin furanni su buɗe, sannan sanyi ya dawo.

Alaƙa da Afirka

Wani nau'i da ke isa Turai a bazara, Vanessa cardui, ba ya iya jure hunturun arewacin nahiyar ko kaɗan. Da kaka yana yin ƙaura zuwa kudu, kuma binciken da Gerard Talavera da Roger Vila na birnin Basalona suka jagoranta ya tabbatar da cewa yana tsallake hamadar Sahara ya hayayyafa a yankin Sahel da dazuzzukan ciyawa da ke kudu da shi, a ƙasashe irin su Chadi, Benin, Senegal da Habasha, bayan damina ta bar ɗanyar ciyawa. Zuriyoyin da suka biyo baya suna komawa arewa, su isa gaɓar tekun Bahar Rum a farkon bazara, sannan su kai Birtaniya a watannin Mayu da Yuni. Zagayen gaba ɗaya ya haura kilomita 12,000, kuma zuriyoyi da dama ne ke kammala shi a jere. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa yawan ɗanyar ciyawa a kudu da Sahara yana tasiri kan adadin da ke isa Turai a bazarar da ke biye.