Majajjawar Mushtari: Tsinkewar Igiyoyin Maganaɗisu da Ƙulluwarsu

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda Mushtari, wanda ya fi duk duniyoyin da ke kewaya rana girma, yake fitar da abin da ya taru a farfajiyar maganaɗisunsa. Farfajiyar maganaɗisu ita ce sararin da ƙarfin maganaɗisun duniya ke iko da shi. Masana kan kwatanta wannan ƙarfi da igiyoyi waɗanda ido ba ya gani.

A shekarar 1979 kumbon Voyager 1 ya gano duwatsu masu aman wuta a kan Io, ɗaya daga cikin watannin Mushtari. Io yakan zubar da kimanin tan 1 na hayaƙin farar wuta a sarari cikin kowace daƙiƙa. Wani kaso na hayaƙin nan yakan zama filazma, wato iskar da ƙwayoyinta ke ɗauke da lantarki, sai igiyoyin maganaɗisu su riƙe ta. To, rumbun da ake zuba wa hatsi dare da rana, tilas a sami ƙofar ɗiba.

Duk wanda ya ga majajjawar da yara ke korar tsuntsaye da ita a gonakin bakin kogin Wudil zai fahimci sauran bayanin. Mushtari yakan juya sau ɗaya cikin ƙasa da awa 10, yana wulwula filazmar kamar dutse a majajjawa. Nauyinta yakan ja igiyoyin su miƙe, musamman a ɓangaren da ya ba rana baya, har su tsinke, sa'an nan su ƙullu da waɗansu. Nan take curin filazma ya kuɓuce, ya nausa cikin sarari. Vasyliunas ne ya tsara wannan bayani a 1983, kumbon Galileo kuwa, wanda ya kewaya Mushtari daga 1995 zuwa 2003, ya ga alamunsa.

A duniyarmu iskar rana ce ke haddasa irin wannan tsinkewa, kamar yadda Dungey ya nuna a 1961. A Mushtari kuwa, galibin ƙarfin daga juyawarsa yake fitowa.

Sai dai da sauran rina a kaba. Lissafi ya nuna cewa manyan curarrakin da aka auna ba su kai su kwashe abin da Io ke zubarwa ba. Saboda haka waɗansu masana suna ganin ragowar tana yoyo ne kaɗan-kaɗan ta gefunan farfajiyar.