In Kwamfuta Ta Yi Kuka, Ku Kasa Kunne

A ofishin wata ekklisiya a ƙasar Faskari, kwamfutar tebur ta soma ruri kamar injin niƙa. A cikinta kuwa akwai sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, da lissafin baiko na shekaru. Kukan kurciya jawabi ne, don haka muka kasa kunne. Ga abin da muka koya.

Yawancin ƙarar daga fanka take fitowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yakan cusa ƙura a ciki, zafi ya taru, fanka ta yi ta gudu ba hutawa. Ku buɗe murfin gefe, ku naɗe takarda kamar kakaki, ku kara a kunne, ku bi fankokin ɗaya ɗaya har ku gane mai kukan. Sa'an nan ku kashe, ku zare wayar wuta, ku tokare fankar da tsinke, ku hure ƙurar da famfon keke. Ku ɗaure notin da ya kwance. Amma kada ku buɗe akwatin da wuta ke shiga, gama yakan riƙe wuta ko an kashe.

In kuwa kuka ji ƙas ƙas daga faifan ajiya, ya kusa mutuwa ke nan. Ku kwafe kome a ranar.

Iyaye, haka yake cikin gida. Yaron da ya cika ƙara, wataƙila wani abu ne ke damunsa. Kafin mu tsawata, bari mu saurara.