Jinya a bakin iyaka: Wahalar da finafinanmu ba su nunawa

Duk mai kallon finafinan Hausa ya haddace sin ɗin asibiti. Za a nuno jaruma kwance an maƙala mata robar ƙarin ruwa, likita ya fito yana girgiza kai ya ce sai dai addu'a, daga nan kuma sai waƙar tausayi. Cikin minti biyar an gama, ko dai ta warke ko kuma a ga ana zaman makoki. To amma wa ya kwana a ƙasa gefen gadon? Wa ya wanke zanen? Wa ya sayar da akuyarsa aka sayi ruwan da ake ƙarawa? Kyamara ba ta cika leƙa wannan mutum ba, alhali ba jinyar da ke yiwuwa sai da shi.

Wanda ke son ganin ainihin masu jinya, to ya tsaya a Magamar Jibiya, inda hanyar Katsina ke tsallakawa zuwa Ɗan Isa ta miƙe har Maraɗi. Wannan hanya ce kaset-kaset da faya-fayan Kano suka riƙa bi zuwa Nijar a shekarun 2000, kuma ita ce marasa lafiya ke bi har yau, kowane da mai riƙe da shi. Wasu na gangarowa Katsina, musamman matan da ke fama da yoyon fitsari masu nufin asibitin Babbar Ruga, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana aiki tun cikin shekarun 1980. Wasu kuma na haurawa Danja, kusa da Maraɗi, inda tsohon asibitin kutare yake, aka kuma buɗe cibiyar yoyon fitsari a 2012.

A asibitocinmu, kusan duk wata hidima da ba ta allura da magani ba ce tana wuyan dangi. Mai jinya ce ke dafa kunu, ita ke wanka da wanki, ita ke juya majinyaci kada gadon baya ya fito masa, ita ke zubar da fo. Idan an rubuta magani, ɗan'uwa namiji ya ruga kemis. Idan an ce jini, a shiga neman mai bayarwa. Dare ya yi, a shimfiɗa tabarma a baranda a yi ta fama da sauro. Galibi uwa ce, ko ƙanwa, ko kaka wadda ita kanta lallaɓawa take yi. Can gida kuwa an bar yara a hannun maƙwabta, gona ta yi ciyawa, 'yar sana'ar ƙosai ta tsaya cak.

Ga mutanen bakin iyaka akwai ƙarin kaya a kan wannan. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma ba a buɗe ta Jibiya ba sai cikin Afrilun 2022. Ba a gama murna ba, sai ga juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, aka sake garƙamewa har zuwa Maris na 2024. A irin waɗannan lokutan, mai majinyaci sai dai ya bi ɓarauniyar hanya a kan babur, cikin rairayi, yana tallabe da mutumin da ko zama ba ya iyawa. Ga kuma batun canji: faɗuwar darajar naira daga 2023 ta sa wanda ya nufi Maraɗi sai ya tara kuɗi masu yawa kafin su zama 'yan jakunkunan sefa. Cire tallafin mai a watan Mayun wannan shekarar ya ninka kuɗin mota, magani shi ma ya yi tashin gwauron zabo.

Sai matsalar tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun kori ƙauyuka da dama zuwa cikin garin Jibiya da jihar Maraɗi. A ƙarshen 2021 an katse layukan waya a yankin na tsawon watanni, ta yadda ko ciwo ya tashi cikin dare babu halin kiran kowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aikin kula da yara masu tamowa a Jihar Katsina a 2021, ta rage wa iyaye mata nauyi, sai dai uwar da ta kwanta da ɗa guda a asibiti hankalinta na kan sauran da ta baro.

Industiri kanta ta san zafin abin. Rabilu Musa Ibro ya sha jinya kafin rasuwarsa a watan Disambar 2014, haka Sani Garba SK da ya rasu a Disambar 2021. Masoya sun yi ta addu'a da tambayar ya jiki, amma a bayan kowane ɗayansu akwai iyalin da suka yi ta hidima ba dare ba rana, ba tare da sunansu ya hau fosta ba.

Me masu jinya ke buƙata? Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Suna son wanda zai karɓe su ko da na kwana ɗaya ne su runtsa. Suna son wurin kwana da ruwa da banɗaki a harabar asibiti. Suna son ma'aikaci ya yi masu bayanin magani da Hausa, dalla-dalla, domin takardar Maraɗi da Faransanci take zuwa, ta Katsina da Turanci. Suna son jami'an iyaka su dubi mara lafiya da idon rahama. Dangi kuma su raba kwana da kuɗi a tsakaninsu, kada a bar wa mace ɗaya don kawai ita ce mai haƙuri.

Ƙalubale ga furodusoshi da marubutanmu: an yi finafinan soyayya da na kishi har ba su ƙirguwa, to ina labarin yarinyar da ta bar makaranta don jinyar mahaifiyarta? Ba ya buƙatar gidan alfarma ko tsadadden loƙeshin, tabarma da fulas da buta sun isa.

Ku kuma masu karatu, in an je dubiya a ce "ya mai jiki?", to a juyo ga wadda ke zaune a gefen gado a tambaye ta ko ta ci abinci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, amin.