Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Ci Gaba da Tuƙa Motar da Injinta Ke Ƙwanƙwasa

Da wuya inji ya buga bai yi gargaɗi ba. Kafin ya tsaya cak, yakan fara wata ƙara mai nauyi daga can ƙasansa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, tana sauri idan an taka totur, tana lafawa idan an ɗaga ƙafa. A daidai nan ne yawancinmu muke yanke shawarar da ke jawo asara: "Ai tana tafiya, bari mu lallaɓa ta mu kai gida." Ma'aikaci ya ce sai an yi albashi, direban haya ya ce bari ya sauke wannan lodin tukuna. Ba ganganci ne ke sa mutane haka ba, rashin kuɗi ne da fargabar abin da bakanike zai faɗa. Sai dai wannan ƙarar ba ta warkewa da kanta, kuma duk kilomitar da aka ƙara a kanta sai an biya kuɗinta a gareji.

Ba kowace ƙara ce ke nufin inji ya kusa mutuwa ba, don haka yana da kyau a iya bambancewa. Akwai wata siririya, cas-cas-cas, da ake ji idan mota na hawa tudu, ko ta yi kaya, ko an bar ta a babbar giya tana tafiya a hankali. Wannan daga ƙonewar fetur take: maimakon wutar filogi ta cinye fetur da iskar da ke cikin silinda a tsanake, sai wani ɓangare ya fashe da kansa. Fetur mara kyau na jawo ta, haka zafin inji, da filogin da bai dace da motar ba, da tayimin da ya goce. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan ƙarar ta gyara lokacin tartsatsin filogi da kanta. Ba ta kashe inji a rana ɗaya, amma idan aka yi biris da ita tana iya fasa fistin ko ta ƙona gasket. Akwai kuma tik-tik-tik daga saman inji, wajen bawul, da ƙarar da wasu tsofaffin injuna ke yi da sassafe ta ɓace idan sun ɗumama. Wani lokaci ma ba injin ba ne, kujerar inji ce ta tsinke, ko wani faranti ya kwance a jikin salansa.

Wadda ake tsoro ita ce mai nauyin nan ta ƙasa, wadda ke bin juyin inji ƙafa da ƙafa, kuma take ƙara fitowa idan inji ya yi zafi baƙin mai ya tsinke.

Me ke faruwa a ciki?

Kowane fistin yana haɗe da kiranshaf ta wani hannun ƙarfe da makanikai ke kira kwanrod. A inda hannun ya rungumi kiranshaf akwai wasu siraran ƙarafa biyu masu laushi, masu siffar rabin zobe, waɗanda ake kira metal. A lafiyayyen inji, metal da kiranshaf ba sa taɓa juna yayin aiki. Tsakaninsu akwai 'yar tazara da ba ta wuce 0.03 zuwa 0.07 na milimita ba, wato kusan kaurin silin gashi ko ƙasa da haka, kuma famfon mai yana tura baƙin mai cikin wannan tazarar da ƙarfi. A kan wannan ɗan man ne duk nauyin fashewar fetur yake sauka.

Idan allurar juyin inji ta nuna 3,000, kiranshaf na juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kowane fistin kuma yana sauya alkibla sau 100 a wannan daƙiƙar. Da zarar man ya yi ƙaranci, ko ya lalace, ko datti ya shiga, sai ƙarfe ya fara gogar ƙarfe. Metal ya cinye, tazarar ta buɗe, kwanrod ya sami wurin wasa, ya riƙa dukan kiranshaf a kowane hawa da sauka. Dukan nan ne kunne ke ji.

Abin da ya sa ba ta tsayawa inda ta fara shi ne lalacewar tana ciyar da kanta. Tazarar da ta buɗe tana zubar da man da ya kamata ya riƙe ƙarfi, sai ƙarfin mai ya ragu a duk injin, sauran metal ɗin su ma su fara jin ƙishi. Garin ƙarfen da ke zuba yana bin mai ya zaga ko'ina, ya karce kamshaf, ya karce famfon man kansa, ya shiga tobo idan motar na da shi. Filta na tare wani, amma idan ta cika tana da ƙofar da ke buɗewa ta bar mai ya wuce ba tacewa. Zafi ya taru a wurin har metal ya manne da kiranshaf ya juya daga mazauninsa. Daga nan ɗayan biyu ne: ko inji ya cije ya ƙi juyawa, ko kwanrod ya karye ya ɓula bangon inji ya fito waje. Babu bakanike mai gaskiya da zai ce maka ga adadin kilomitar da ta rage. Wata motar ta yi makonni tana ƙarar a cikin gari, wata ba ta kai mintuna goma a kan babban titi ba.

Lissafin kuɗin yana bin waɗannan matakai. Wanda ya kashe mota da jin ƙarar farko yana iya tsira da sauya metal, a wanke hanyoyin mai, a duba famfo. Wanda ya ɗan ƙara tafiya sai an fitar da kiranshaf an kai wa masu injin gurza, su rage masa 0.25 ko 0.50 na milimita, a saka metal mai kaurin da ya dace. Wanda ya kai har bango ya ɓule, ba sauran maganar gyara. Sai neman injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, kuma fasasshen injin nasa a kilo za a saye shi. Kuɗin janwe da mutum ya yi ƙyashin biya ba ya kusa da wannan.

Amma ni abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Injin da ya mutu ana cikin gudu yana tafiya da taimakon da birki ke samu, a taka sau ɗaya ko biyu sai ya yi tauri. A motoci da yawa sitiyari ma nauyi yake yi nan take. Idan mota mai kuloci ce kuma injin ya cije, tayoyin da ke jan motar na iya kullewa har sai an taka kuloci. Idan bango ya fashe, baƙin mai mai zafi yana zuba a kan salansa, wanda ke iya kama wuta, ya kuma malale a titi ya jawo wa mai babur da ke baya santsi. A tuna cewa inji ya fi shan wahala a lokacin da ake ƙoƙarin wuce tirela, wato lokacin da mutuwarsa ta fi haɗari. Direban da ya ɗebi fasinja a motar da ya san tana wannan ƙarar ya sa rayukan mutanen da ba su san komai ba a cikin caca, kuma wannan ba daidai ba ne ko da balas na jiransa.

Wannan ba tsoratarwa ba ce kawai. A Amurka, a 2015, kamfanin Hyundai ya kira motocin Sonata kusan 470,000 ƙirar 2011 da 2012 domin gyara, saboda ɓurɓushin ƙarfen da ya rage a kiranshaf tun daga masana'anta yana tare wa metal mai. A 2017 kiran ya faɗaɗa zuwa motocin Hyundai da Kia fiye da miliyan ɗaya masu irin wannan injin, Theta II, kuma a 2020 hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar ta ɗora wa kamfanonin biyu hukuncin da ya kai dala miliyan 210 saboda jinkirin kiran. Wani matakin da suka ɗauka abin lura ne: sun saka manhajar da ke sauraron ƙarar metal, da ta ji sai ta kunna fitila, ta hana inji wuce juyi 2,000 ko kusa da haka, don direba ya samu ya gangara gefe. Irin waɗannan motocin suna shigowa ƙasashenmu a matsayin na hannu, don haka mai Sonata, Santa Fe, Optima ko Sorento na shekarun nan ya ƙara sa kunne. Haka masu Camry mai injin 2.4 ta 2007 zuwa 2009, wadda aka san wasunsu da shan baƙin mai: mota na iya ƙone lita ɗaya ko biyu tsakanin juye da juye ba tare da ɗigon mai ya zuba a ƙasa ba.

A wajenmu dai sanadin ya fi zuwa daga abubuwan yau da kullum. Jinkirin juye, jabun baƙin mai da ake ɗurawa a galan mai sunan kamfani, filta mai arha, yoyon da aka saba da shi, zafin da inji ya taɓa yi har gasket ya bar ruwa ya gauraya da mai. Da damina akwai mai kutsawa cikin ambaliya, inji ya shaƙi ruwa, kwanrod ya lanƙwashe.

Dabarun da ba sa aiki

Za a ce maka ka zuba mai mai kauri, ko ka ƙara wani ruwan gwangwani mai yauƙi. Ƙarar takan ragu na ɗan lokaci domin man mai kauri ya cike gurbin, amma ƙarfen da ya cinye ba ya dawowa, dukan kuma bai daina ba, an dai rufe masa baki. Wasu marasa tsoron Allah da wannan dabarar suke sayar da mota. Mai saye ya zaro sandar auna mai ya taɓa, ya bar inji ya yi zafi sosai, sannan ya saurara. Wani kuma zai ce a cire wayar filogin silindar da ke ƙara. Makanikai na yin haka don gano wace silinda ce, domin ƙarar na raguwa idan an ɗauke mata wuta, amma kwanrod ɗin yana nan yana hawa da sauka a kan metal ɗin da ya mutu.

Kada kuma a dogara da jar fitilar mai. A yawancin motoci ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa, kuma ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa ƙwarai. Idan tana ƙyaftawa a lokacin da mota ke silo bayan ta yi zafi, lamarin ya riga ya yi nisa.

To idan ka ji ƙarar kana kan hanya fa? Ɗaga ƙafa daga totur, kunna fitilun haɗari, gangara gefe, kashe inji. Jira 'yan mintuna mai ya sauka, ka auna. Idan ya yi ƙasa ka cika, ka tayar na 'yan daƙiƙu ba tare da taka totur ba. Idan ƙarar na nan, ko jar fitila ba ta mutu ba, kashe ka nemi janwe. A Najeriya ana samun jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122. Mota mai giyar otomatik an fi so a ɗora ta a kan janwe, domin jan ta da igiya mai nisa yana iya lalata giyar, a tashi da gyara biyu.

Akwai hali ɗaya da zan ce a ci gaba da tafiya. Duk wanda ke bin hanyoyinmu ya san akwai dajin da ba a tsayawa, musamman da dare, ga iyali a mota. A nan rai ya fi inji. A kashe na'urar sanyi, a riƙe juyin inji ƙasa, a bi gefen dama, kada a wuce kowa, a tsaya a gari ko shingen jami'an tsaro na farko, ba a gida ba. Mai yin haka ya sani yana iya rasa injin gaba ɗaya, kuma ya shirya wa taurin birki da sitiyari.

A gareji, kada ka yarda a ce "inji ya tafi" daga sauraro kawai, kada kuma ka yarda a ce "ba komai". Ka nemi a juye man a kwano mai tsabta a duba shi a rana. Idan akwai ƙyalli mai ruwan tagulla ko azurfa, metal ne. A yanka filta a duba cikinta, a ɗaura agogon auna ƙarfin mai, a kwance kwanon ƙasan inji a ga metal ɗin ido da ido. Idan za a gyara, a auna kiranshaf da kwanrod da ma'auni, domin sabon metal a kan karcaccen kiranshaf ba ya daɗewa. Idan kuma wani injin za a saka, ka yi sharaɗin kwanakin gwaji da mai sayarwa, a zuba sabon mai da sabuwar filta, a wanke ko a sauya duk abin da tsohon man ya ratsa wanda za a mayar. Sannan a binciko abin da ya kashe na farkon, lagireto ne, ko fanka, ko yoyo, ko wurin da kake sayen mai, a gyara shi kafin motar ta bar garejin.