Yadda jiragen ƙasa masu man dizal suka kawar da na kwal

A ranar 26 ga watan Mayun 1934, wani jirgin ƙasa mai sheƙi kamar azurfa ya tashi daga birnin Denver na ƙasar Amurka da sassafe, bai tsaya ko'ina ba sai a birnin Chicago, bayan tafiyar kilomita 1,633 cikin sa'o'i 13 da minti 5.

Wannan dai kusan rabin lokacin da jirage masu aiki da kwal suke ɗauka ne a kan wannan hanya. A wani wurin ma gudunsa ya kai kilomita 181 a sa'a guda. Daga cikin fasinjojinsa har da wani ɗan jaki da aka ba da kyauta a jihar Colorado.

Sunan jirgin Zephyr, wato iskar yamma a tatsuniyoyin Girkawa, kuma mallakar kamfanin jiragen ƙasa na Burlington ne. Ba don nishaɗi kawai kamfanin ya shirya wannan tafiya ba. A lokacin tattalin arzikin duniya ya durƙushe tun 1929, motoci kuma sun yawaita, jama'a sun juya wa jirgin ƙasa baya. Shugaban kamfanin, Ralph Budd, yana neman jirgin da ba zai ci kuɗi da yawa ba, wanda kuma zai sa mutane su yi sha'awar komawa tasha.

Jamus ce ta riga

Ko da yake Zephyr ne ya fi yin suna, Jamusawa sun riga Amurkawa. Tun a watan Mayun 1933 jirgin da ake wa laƙabi da Fliegender Hamburger ya fara jigila tsakanin Berlin da Hamburg, inda yake cinye kilomita 286 cikin minti 138. Tarago biyu ne kacal, kuma an gwada siffarsa a ɗakin gwajin iska kafin a ƙera shi.

Dalilin wannan gwaji shi ne, idan jirgi ya yi gudu sosai, iskar da yake karo da ita tana cinye kaso mai yawa na ƙarfin injinsa. Saboda haka sai maƙera suka zagaye goshin jirgin, suka rufe ƙasansa, suka shafe duk wani lungu da iska za ta iya maƙalewa.

Shi ma kamfanin Union Pacific ya fito da irin wannan jirgi a watan Fabrairun 1934, mai suna M-10000, to amma injinsa ba na dizal ba ne, don haka tarihi bai ba shi matsayin da ya ba Zephyr ba.

Yadda injin yake aiki

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, injin dizal ɗin ba shi yake juya ƙafafun jirgin kai tsaye ba. Aikinsa shi ne juya janareto, janareton ya samar da wutar lantarki, wutar kuma ta tafi ga wasu injunan lantarki da ke maƙale da ƙafafun. Ke nan jirgin yana tafe ne da tashar lantarkinsa a cikinsa, ba ya bukatar giya irin ta mota.

An daɗe da sanin injin da Bajamushe Rudolf Diesel ya ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19, sai dai ya yi nauyi ƙwarai idan aka kwatanta da ƙarfin da yake bayarwa. Kamfanin General Motors, wanda ya sayi kamfanonin Winton da Electro-Motive a 1930, shi ne ya rage wannan nauyi a ƙarƙashin jagorancin injiniya Charles Kettering. Injin da aka sa wa Zephyr mai ƙarfin doki 600 ne. Gangar jikinsa kuwa kamfanin Budd na Philadelphia ne ya ƙera ta da ƙarfe marar tsatsa, ta wata sabuwar hanyar walda da kamfanin ya ƙirƙiro. Mai wannan kamfani, Edward Budd, ba ɗan'uwan Ralph Budd ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya.

To sai dai jiragen farko suna da aibi babba. Taragansu a haɗe suke da injin, suna tarayya a ƙafafu, ta yadda idan fasinjoji suka yi yawa ba a iya ƙara tarago cikin sauƙi, idan kuma inji ya lalace sai dukkan jirgin ya kwanta. Wannan ne ya sa daga 1937 Electro-Motive ya koma ƙera kan jirgi mai zaman kansa, wanda za a iya ɗaura masa kowane tarago. Irinsu ne suka riƙa jan Super Chief na kamfanin Santa Fe, mai tafiya daga Chicago zuwa Los Angeles cikin ƙasa da sa'o'i 40, wanda taurarin fina-finan Hollywood suka mayar da shi nasu.

Ƙarshen zamanin kwal

Ba gudu ne ya kashe jirgin kwal ba, domin a 1938 jirgin Mallard na Ingila, mai aiki da tururi, ya yi gudun kilomita 203 a sa'a. Lissafin kuɗi ne ya kashe shi. Jirgin kwal sai ya riƙa tsayawa shan ruwa da ɗaukar kwal, sai an kwashe masa toka, an wanke tukunyarsa, kuma yawancin zafin wutarsa ta bututun hayaƙi yake ficewa. Na dizal kuwa yakan yi doguwar tafiya bai shiga garejin gyara ba, kuma direba ɗaya yana iya sarrafa kan jirgi uku ko huɗu da aka jona.

A 1939 Electro-Motive ya fito da samfurin FT na dakon kaya, mai ƙarfin doki 5,400, ya zagaya da shi kamfanoni 20 domin su gwada da kansu. Yaƙin duniya na biyu ya ɗan jinkirta sauyin, amma zuwa 1960 manyan kamfanonin Amurka sun jingine jiragen kwal. Dubban ma'aikatan da ke kula da tukwane da tankunan ruwa sun rasa aikinsu, garuruwan da suka dogara da su kuma suka yi sanyi.

Su kansu jiragen fasinjan ba su daɗe suna cin moriyar nasarar ba. An ƙaddamar da California Zephyr mai taragai masu rufin gilashi a 1949, amma dokar gina manyan hanyoyin mota ta 1956 da zuwan jirgin sama samfurin Boeing 707 a 1958 sun janye fasinjoji. A 1971 gwamnatin Amurka ta kafa Amtrak domin ya karɓi jigilar fasinjoji daga kamfanonin da ke ta tafka asara.

Shi kuwa Zephyr na farko ya yi aiki har zuwa 1960, sannan aka miƙa shi ga gidan adana kayan kimiyya da masana'antu na birnin Chicago. Abokin hamayyarsa M-10000 bai samu wannan gata ba, domin an wargaza shi a lokacin yaƙi, aka yi amfani da alminiyam ɗin jikinsa.